Shingen Ummaru Mai Faci

Ummaru mai faci ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gindin wata dalbejiya da ke kallon shingen iyaka a Magamar Jibiya. A nan injin iskarsa yake, da bahon baƙin ruwan da yake tsoma taya yana neman inda take yoyo. Bai taɓa sa kaki ba, amma don yawan kallo ya san aikin kamar shi ya koya musu. Ya san yadda ake ɗaga hannu ɗaya mota ta tsaya, da yadda ake ƙwanƙwasa tanki a kasa kunne, da irin kallon da ake yi wa direba har ya fara ba da amsar abin da ba a tambaye shi ba.

Ɗansa na fari, Mujahid, aikin lodi yake yi a garejin manyan motoci. Wata ranar kasuwa yana saman tirela yana jan igiyar tamfol, igiyar ta tsinke, ya faɗo da baya a kan bakin kwalbati. Da aka ɗago shi idonsa biyu, yana magana, har yana tambayar ina takalminsa ɗaya. Amma daga ƙirji zuwa ƙasa ba abin da yake ji.

Sun daɗe a asibiti a Katsina. Ranar da za a sallame su, likitar da ke duba yaron ta kira Ummaru da matarsa Salmatu, ta ba su kujera.

"Baba, ku saurare ni da kyau, don jinyar ta koma hannunku. Lakar da ke cikin ƙashin baya ba ƙafa kaɗai take motsawa ba. Ta nan ƙwaƙwalwa ke aika saƙo ko'ina, har zuwa ga saifa da ɓargo, inda ake tanadar sojojin da ke yaƙar cuta a cikin jini. Lakar ɗanka ta ji rauni can sama, tsakanin kafaɗu. Yanzu saƙon ba ya sauka daidai. Wani ba ya isa, wani kuma ya isa a hargitse, kamar ana ce wa sojojin su ajiye makamai. Sai su ragu, waɗanda suka rage kuma jikinsu ya yi sanyi."

"Sun gudu ke nan, Likita?"

"Ba su gudu ba. Suna nan, aikin ne ba sa yi yadda ya kamata."

Ummaru ya gyaɗa kai a hankali. Ya tuna shekarar da aka katse layukan waya a garinsu, kowa da wayarsa a hannu amma ba wanda ya san abin da aka ce daga sama. Wato haka cikin yaron ya koma. Ga iyaka a buɗe, ga ma'aikata a zaune suna jiran umarnin da ba zai zo ba.

Likitar ta ci gaba. Ta ce murar da za ta taɓa lafiyayye ta wuce, shi tana iya gangarawa ƙirjinsa ta zama ciwon huhu, don ba shi da ƙarfin tarin da zai fito da majina. Saboda haka mai tari kada ya matso kusa da shi. Ta yi maganar wanke hannu, da juya shi a kai a kai don kada fata ta ci, da tsaftar robar fitsari, ta kuma ba su ma'aunin zafin jiki ta nuna musu layin da in ya wuce shi to a taho ba jira. Duk wannan Salmatu ce ta ji. Ummaru tun daga maganar mai tari kunnensa ya rufe, ya shiga lissafin mutanen Jibiya da ya sani masu tari, ya ga ashe garin ne gaba ɗaya.

Ranar da suka iso gida, kafin a gama shimfiɗa wa Mujahid katifa ɗaki ya cika. Dubiya ce, ba a hana ta, ba a kuma zuwa hannu rabbana. Maza suka yi ta kama hannun yaron suna girgizawa, mata suka jere kwanukan fura da kunu a bakin gado, kowane dattijo ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa masa a goshi. Ummaru na tsaye a lungu yana kallon tofin nan a cikin hasken taga, yana ganin kowane ɗigo kamar tirela ce da ta shigo ba a duba ta ba. Can wani tsoho ya yi atishawa, ɗaki ya amsa masa da addu'a.

Washegari Ummaru bai fita faci ba. Ya gangaro da tsofaffin tayoyi biyu ƙofar zaure, ya kafa sanda a kowace, ya ɗaura igiya tsakaninsu, ya rataya mata tsummoki don a gan ta daga nesa. Ya ajiye benci, da buta, da sabulu a kan marfin galan. Sannan ya zauna ya harɗe ƙafa.

Na farko da ya iso wani mai kayan miya ne daga Gangara, da ledar lemo a hannu. Ummaru ya ɗaga hannu ɗaya. Mutumin ya tsaya cak, don ɗan iyaka in ya ga igiya jikinsa ne ke tsayawa kafin hankalinsa.

"Daga ina?"

"Haba Malam Ummaru, ni ne hwa."

"Na gan ka. Mi ka ɗauko?"

"Lemo."

"Ba shi nike nufi ba. A ƙirji. Yi tari in ji."

Mutumin ya duba hagu ya duba dama, ya yi ɗan tari na kunya. Ummaru ya matso da kunnensa daf da bakinsa, ya lumshe ido kamar yadda yake sauraron taya mai yoyo. Ya sa shi ya maimaita. Sannan ya ce busasshe ne, na ƙurar hanya, ya sa shi wanke hannu har gwiwar hannu, ya sauke igiya.

Cikin 'yan kwanaki Ummaru ya zama gwanin tari. Ya san busasshe, ya san jiƙaƙƙe, ya san na sigari, ya san kuma tarin munafunci, wanda mai shi ke yi a saman maƙogwaro don ya ɓoye na gaskiya a ƙasa. Wanda ya faɗi jarrabawa ba a kore shi hannu wofi. Ana karɓar gaisuwarsa a bakin igiya, Ummaru ya shiga da ita da kansa.

Shigar da gaisuwar ma da nata aikin, don Mujahid ɗan fari ne. Ummaru bai taɓa kiran sunansa ba, bai saba yi masa magana kai tsaye ba, Salmatu kuwa ta fi shi kunya. Su biyu suke yi masa wanka, su biyu suke juya shi, amma in magana ta taso sai su yi ta da wani abu da ke kusa. Ummaru zai tsaya ya dubi butar da ke bakin gado ya ce, "Mai shayin gareji shina gaida mai ɗakin ga. Ya ce Allah shi ƙara sauƙi." Mujahid ya dubi rufin ɗaki ya ce a gaya wa buta yana amsawa.

Limamin unguwa ma bai tsira ba. Ya zo da muryarsa a dishe, Ummaru ya durƙusa ya gaishe shi da dukkan ladabi, ya roƙe shi ya yi tari. Liman ya yi. Ummaru ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi gafarta Malam, a yi muna addu'ar daga nan." Ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama ya ga inda iska ta dosa, ya jawo liman gefen da tofin zai bi ya nufi Nijar.

Abin da Ummaru ya manta, duk da zamansa a bakin shinge, shi ne halin mutanen garinsu. A Jibiya igiya ba ta nufin a koma gida, tana nufin a nemi wata hanya. Kuma duk abin da aka ɗaura wa igiya, to akwai abu mai daraja a bayanta. Mutanen da ba su san Mujahid ba suka fara tambayar gidan. Aka ce ladan dubiyar nan ya fi na sauran, tun da sai an sha wuya ake samunsa. Daga ƙauyen Kusa aka zo, daga Mazanya aka zo, har da wata mata da ta ce ita dai ta ji ana hana shiga ne.

Katangar Ummaru ɗaya ce da ta maƙwabcinsa Nagoggo, direban wata tsohuwar mota da aka ɗaga wa baya don ɗaukar kaya. Tare suka yi wasan ƙasa, tare suka tsufa suna zagin juna. Nagoggo ne ya buɗe hanyar daji. Mai tari zai wuce igiyar Ummaru kamar ba ruwansa, ya shiga zauren Nagoggo, ya bi ta garken awaki, ya taka turmin da aka kifa, ya haye katanga, ya dira a bayan madafin Salmatu. Nagoggo ba ya karɓar komai, ya ce shi kason lada kawai yake so. 'Yan mata masu talla su ne masu ba da sigina. In aka ji an ce "A sayi gyaɗa" sau biyu a jere, to Ummaru ya shiga bayan gida, a haura.

Ummaru ya fara lura lissafi ba ya fita. Ya sauke wa mutum uku igiya, sai ya ga bakwai sun fito suna yi masa sannu da aiki.

"Kai ta ina ka shiga?"

"Ai tun jiya nike ciki."

"Ƙarya kake, jiya ni na maida kai, jiƙaƙƙe gare ka!"

"To ai ka ga fita nike, Malam Ummaru. Fita ma sai an yi tari?"

Ana cikin haka yayarsa Talatu ta iso daga Ɗan Issa. Tsohuwa ce 'yar firit, wadda a zamaninta ta sha naɗe turamen atamfa a ƙugu ta wuce gaban 'yan duwan, masu kama fasa-ƙwauri, suna yi mata sannu da nauyin ciki. Tun daga kan kwana Ummaru ya jiyo tarinta, kamar ana tada tsohon janareta. Ya miƙe ya gyara igiya.

"Yaya, sannu da hanya."

"Sauke wannan tsumman in wuce."

"Yaya, likita ta ce sojojin jikinshi ba su aiki. Abin da ke ƙirjinki in ya shiga nashi, ba mai tare shi."

"Tarin ga tun kana tsirara nike yin shi. A bayana ka girma kana shaƙar shi, ga ka nan ƙato har da igiya."

"Ni lakata ba ta katse ba, Yaya. Ki ba ni gaisuwar in kai."

Talatu ta dube shi sama da ƙasa. "Ummaru, jandarman Nijar mai bindiga bai hana ni wucewa ba. Kai mai faci?" Ta gyara gyale ta juya.

Ummaru ya san ba tafiya ta yi ba. Ya jingina tsani, ya hau katanga, ya gano turmin da garken awakin, ya yi wa Nagoggo tas ta saman bango, Nagoggo na ƙasa yana sakace yana cewa shi awakinsa ne ke da farin jini. Ummaru ya jera ƙaya a kan katangar. Ya koma yana sintiri tsakanin zaure da bayan madafi, yana gudu-gudu, hularsa a hannu. Da mai ruwa ya turo kurarsa bayan la'asar, ya ƙwanƙwasa jarkokin gaba, ya ji ruwa ne, ya sauke igiya. Bai lura an cire na tsakiya an lulluɓe wurin da buhu ba, balle ya ga wadda ke ƙudundune a ƙarƙashinsa.

Dariya ce ta kai shi ɗakin. Ya tsaya a bakin ƙofa. Talatu na zaune a ƙarshen katifa, ta ɗora ƙafar Mujahid a cinyarta tana shafa mata man shanu, ta toshe bakinta da gyale har ninki uku, tana ba shi labarin yadda ta taɓa shigo da agogon bango a cikin ƙwaryar nono ya buga ƙarfe sha biyu a gaban 'yan duwan. Mujahid na dariya, irin dariyar wanda ƙirjinsa ba ƙarfi, sai kafaɗu da hawaye. Tun ranar da ya faɗo Ummaru bai ji wannan sautin ba.

Ummaru ya tako ciki. Sannan ya dubi buta.

"A gaya wa masu ɗakin ga lokacin dubiya ya ƙare."

Mujahid ya share ido da bayan hannu. A karon nan bai dubi rufi ba.

"Baba, ka bar su su shigo. Azarar ɗakin ga na haddace ta. Ba ni jin ƙafata, in ban ji muryar mutane ba mi zan ji?"

Ummaru ya tsaya yana murza hula. Yana da amsa, amma ba irin wadda ake gaya wa buta ba ce. Ya kama hannun yayarsa, ya raka ta waje a hankali kamar ƙwai, ya dawo ya buɗe tagogi duka, ya yi ta kaɗa tabarma a cikin ɗakin yana korar iskar da ta bari. Ranar bai ci tuwo ba. Ya riƙa leƙowa yana kallon ƙirjin yaron yana hawa yana sauka.

Tarin Talatu bai kama Mujahid ba. Ummaru ya ɗauki hakan a matsayin sa'a, ba hujja ba, ya ƙara tsananta bincike. Ya koma sa kowa tari sau uku, yana kai kunnensa kusa har gemunsa na taɓa haɓar mutane.

Wata safiya, bayan ya gama juya yaron ya gyara masa matashi, fuskarsu daf da juna kamar kullum, ya fito ya tarar da layi. Ya ɗaga hannu, ya ce wa na gaba ya yi tari. Kafin mutumin ya ja numfashi, sai amsar ta fito daga ƙirjin Ummaru. Tari mai zurfi, mai kumfa, ya tanƙwara shi biyu.

Nagoggo, da ke zaune a kan bonet ɗin motarsa, ya sauko, ya tako a hankali, ya kawo kunnensa bakin Ummaru ya lumshe ido.

"Ƙara ɗaya."

Ummaru bai so ba, amma ƙirjin ya ƙara da kansa.

"Jiƙaƙƙe ne," in ji Nagoggo. "Na gaske. Daga ina?"

Ba wanda ya yi dariya sosai, don sun ga fuskar Ummaru. Ya dubi zauren gidansa, ya dubi hannuwansa. Sannan ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiyar zuwa waje, ya jawo bencin ya bi shi, ya zauna yana kallon gidan daga inda baƙi ke kallonsa.

Daga nan ya ci gaba da aiki, mai gadi a wajen shingensa. Sai dai Salmatu ba ta iya juya Mujahid ita kaɗai, kuma in ba a juya shi ba fata za ta ci. Dole aka nemi namiji mai ƙarfi da ƙirji mai tsabta. Ummaru ya gwada duk wanda ke wurin, ya so a ce wani ne, amma Nagoggo kaɗai ya ci jarrabawar. Ya sa shi wanke hannu har sabulun ya koma kamar ƙwayar dabino.

"In ka so," in ji Nagoggo yana yarfe ruwa, "akwai wata hanya ta bayan rumbu wadda ba ka gano ba. In shigar da kai ka gan shi. Don kai ne ba sai ka ba ni kason lada ba."

"Tahi ka juya mani yaro, ɗan banza. A hankali. Ka tallafi wuyan."

Ummaru ya koma kwana a wurin facinsa, gindin dalbejiya. Da safe ya zo ya tsaya a bayan tagar ɗakin, nesa kaɗan, yana tambayar bango yadda aka tashi. Abu ɗaya ke cin sa, safiyar nan da ya sunkuya a kan yaron da tarin a ƙirjinsa bai sani ba. Duk masu haura katanga ba wanda ya kai shi kusa.

Ba a jima ba Salmatu ta fito zaure da hantsi, ma'aunin zafi a hannunta, ta tsaya a bayan igiya.

"Malam, ya wuce layin. Gumi na keto mashi a fuska, ya ce kanshi kamar zai fashe. Fitsarin ma ya yi duhu, shina wari."

Ummaru ya dafe igiyar. "Ni ne," ya ce. "Ni na kai mashi."

"Ko kai ne ko ba kai ba ne, likita ta ce ba jira. Kira Nagoggo."

Aka kwantar da kujerar gaba, aka shimfiɗa katifa, aka ɗauko Mujahid a kan ƙyauren ɗaki don kada bayan ya lanƙwashe. Salmatu ta shiga ta riƙe kansa. Nagoggo ya buɗe wa Ummaru ƙofar baya, Ummaru ya ja da baya yana toshe baki da hula. Ba zai shiga su shaƙi iska ɗaya ba, ba kuma zai zauna a gida ba. Ya taka taya ya haye saman motar, inda ake ɗaure kaya, ya kwanta rub da ciki ya kama ƙarfe.

"Ɗaure ni."

Nagoggo bai yi gardama ba, ba lokaci. Ya jefa igiya ya ɗaure shi ɗaurin buhun gero, giciye biyu da ƙulli a gefe, ya ja ya ji ta yi tauri, ya tada mota.

Hanyar Katsina shinge ne bayan shinge. A na farko wani mai kaki ya ɗaga hannu, ya zagayo, ya leƙa ciki ya ga marar lafiya, ya ɗaga kai ya ga ƙafafu biyu da silifa.

"Direba, mene ne wannan a sama?"

"Uban marar lafiyan ne, yallaɓai."

"Me ya sa ka ɗaure shi?"

"Haramtaccen kaya ne. Shi ya kama kanshi."

Mai kakin ya taka ya leƙa fuskar Ummaru don ya ji ta bakinsa. Ummaru ya so ya yi bayanin laka da saifa da sojoji, amma iska ta cika masa ƙirji, abin da ya fito sai tarin nan, dogo, har motar na girgiza. Mai kakin ya yi tsalle baya, ya ja abin rufe hancinsa, ya yi ta kaɗa hannu a wuce. Haka aka yi a na biyu, haka a na uku. Daga baya ma Nagoggo ba ya tsayawa sosai, sai ya buga rufin mota da hannu, Ummaru ya saki tari, a janye sanda. Nagoggo ya leƙo ta taga ya ɗaga murya ya ce tun da yake bin hanyar nan bai taɓa gudu haka ba, in Ummaru ya bar faci yana da aiki a wurinsa.

Ummaru bai ji shi ba. Ya manna kunnensa a rufin motar yana ƙoƙarin jin numfashin da ke ƙasa, ba ya jin komai sai ƙarar inji.

A asibiti aka wuce da Mujahid ciki, aka bar Ummaru a gindin bishiya da shatin igiya a bayan rigarsa. Sai bayan azahar likitar nan ta fito ta same shi. Ya miƙe, ya ja baya taku biyu don kada ya shafa mata.

"Likita, ni na kashe shi ko?"

"Ba wanda ya mutu, Baba. Huhunsa lafiya lau, mun duba. Ba tarinka ba ne. Ciwon a mafitsara yake, ta robar fitsari ya hau."

"Wa ya kawo shi? Ta ina ya bi? Na sa ƙaya a katanga."

"Ba wanda ya kawo shi. Ƙwayoyi ne da ke jikin kowa, a fatarsa, a cikinsa. Kai ma kana da su, ni ma. Da can sojojinsa ke kashe su kullum ba wanda ya sani. Yanzu sun samu sarari. Shi kuma ba ya jin zafin da zai gaya muku, sai dai gumi da ciwon kai da ma'auni. Mama ta kyauta da ta gani da wuri. Mun sa masa magani ta jijiya, zai sauka in Allah ya so. Amma ka sani, irin wannan zai iya dawowa. Ba sau ɗaya ake yin sa ba."

Ummaru ya ji daɗi ba shi ba ne, ya kuma ji wani tsoro sabo da bai san inda zai ajiye shi ba.

"To masu tarin, in bar su ke nan?"

"A'a. Su ka ci gaba da tare su. Har da kai. Sai ƙirjinka ya washe za ka shiga."

Ya zauna a gindin bishiyar nan yana shan maganin da aka rubuta masa, Salmatu na kawo masa labari. Zafi ya ƙi sauka. Zafi ya ɗan sauka. Ya sake hawa. Sannan wata safiya ta fito ta ce ya sauka sosai, har yaron ya nemi koko, ya kuma tambayi ina Baba.

Ta koma ciki. Ummaru ya zauna da maganar a kunnensa. Ya saurari ƙirjinsa, ya ji tarin ya lafa, yana can ƙasa a kwance kamar kare a inuwa. Ya sha ruwa, ya gyara hula, ya miƙe.

A ƙofar ɗakin majinyata wata nas ce zaune. Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, tarin ya tafi?"

Ummaru ya gyaɗa kai, don in ya buɗe baki ba ya da tabbas. Ta nuna masa famfo, ya wanke hannu, ta ce ya wuce. Ya shiga yana taka ƙasa a hankali, ya haɗiye numfashi. Ga gadaje a jere, ga na Mujahid can kusa da taga, ya juya fuska bango, Salmatu na fifita kofin koko. Ya wuce gado ɗaya, ya wuce na biyu. Sai ya ji abin ya motsa. Ya taso daga ƙasa yana yi masa susa a maƙogwaro. Ya danne shi. Idonsa ya kawo ruwa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Saura kaɗan, yana iya ganin gashin ƙeyar yaron da ya kwanta saboda matashi. Da zai riƙe na ɗan lokaci, ya dafa kafaɗar nan sau ɗaya, ya fita, ba wanda zai sani.

Ya tsaya. Ya juya. Ya fita da sassarfa, ya wuce nas ɗin kumatunsa a kumbure, ya tsallake baranda, ya kai gindin bishiya, sannan ya sake shi. Ya yi ta yi har ya durƙusa, har wani mai jinya ya miƙo masa ruwa daga nesa.

Da ya samu kansa, ya zagaya ta bayan ginin, ya ƙirga tagogi da ido har ya gano tasu, ya tsaya can baya inda ko atishawa ba za ta kai ba. Mujahid ya juyo yanzu. Ya rame, amma idon nasa ne. Ya ga uban, ya ɗaga hannu. Ummaru ya ɗaga nasa, ya rasa abin da zai yi da shi, ya sosa kunne.

"Salmatu!" ya kira. "Kokon ga, wa ya dama shi? Kin ga hannunshi? Ke kin wanke naki? Cokalin hwa?"

Salmatu ta ajiye kofin, ta taso, ta dube shi ta cikin raga, ta ja labule.